Minti Arba'in da Bakwai Zuwa Damagaram

Tun ranar Litinin babu gidan da labarin bai shiga ba a layin su Dada Mairo da ke Maigatari: tsohuwa za ta hau jirgin sama. Ba wani ne ya tsegunta ba, ita ta bi gida-gida da sandarta ta faɗa. Autarta Ummulkhair, wadda ke aure a Damagaram, ta sauka lafiya ranar Asabar bayan shekara goma sha ɗaya ana zuba ido, kuma da aka haɗa su a waya abu ɗaya ta iya faɗi cikin kuka: "Dada, ki zo." Nan take Dada ta ɗauki alkawari cewa kafin a yanka ragon suna tana tsakar gidanta, kuma ita za ta dafa mata ruwan wanka har a yi arba'in. To suna gobe ne, Asabar da sassafe. Yau ga Juma'a hantsi ya ɗaga, ga Dada zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ƙafa ta sha lalle, ƙulle-ƙullen kanwa da yaji da daddawa sun kewaye ta, tana jiran wanda ya tafi yanko tikiti tun jiya.

Wanda ake jiran jikanta ne, Yazid, ɗan babban ɗanta Hamma, ƙato mai gemu da ke aikin sikeli a wani siton riɗi da zoɓo can wajen yankin ciniki na bakin iyaka. Tun yana zanen goyo take kiransa mijinta, shi kuma tun da bakinsa ya buɗe bai bar ta ta sha ruwa da daɗi ba. Shi ne ya zo mata da waya a hannu, ya karanto mata da muryar masu labaran rediyo cewa daga filin jirgin Dutse zuwa na Damagaram kilomita ɗari biyu da ashirin da huɗu ne, tafiyar minti arba'in da bakwai. Shi ya bugi ƙirji ya ce ta bar masa komai. Ga shi nan ya shigo yana jan ƙafa, sallamar ma a ciki ya yi ta.

"…da kwanan iyali, amaryata? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, mijin da ke kwana a waje. Ina tikitin?"

"Haba, ko ruwa ba za a ba maigida ba? Mutum ya sha hanyar Dutse zuwa da dawowa."

"Randa ga ta can, ba ta da makulli. Ina tikitin?"

"Ke dai lallen nan ya kama. Wa ya ƙunsa miki? Ƙafa kamar ta 'yar shekara ashirin, in dai ba a dubi faso ba."

"Da fason nan na yi kiwon shanun da aka sayar aka sa ubanka makaranta, har ya haifo mana mai karanta wa mutane waya. Yazidu, ina tikitin?"

In Dada ta ajiye "maigida" ta kama sunan yanka, to wasa ya fara yin tsami, kuma Yazid ya fi kowa sanin haka. Ya tsuguna a bakin tabarma, ya cire hularsa yana leƙa cikinta kamar a nan ya ajiye amsar.

"Dada, akwai 'yar magana."

"'Yar magana ko uwar magana?"

"Jirgin ne. Babu shi."

"Ya tashi ya bar mu?"

"Bai tashi ba."

"Ya lalace? Su gyara mana, ai da sauran rana."

"Ba lalacewa ya yi ba. Babu shi ne kawai. Tun asali babu jirgin da ke tashi daga Dutse ya je Damagaram."

Dada ta dube shi tun daga gemu har yatsun ƙafa. Goron da ke bakinta ta daina taunawa. Ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Minti arba'in da bakwai ɗin fa? Wa ya yi su? Aljanu?"

"Lissafi ne. Wayar auna nisan filayen biyu take yi, a miƙe, kamar an ja igiya daga nan zuwa can. Sai ta ce da a ce akwai jirgi, ga lokacin da zai ci."

"Da a ce."

"Eh."

"Da a ce kaza na tatsuwa, da ban sha rana a bayan saniya ba."

"Wani bawan Allah ne a bakin ƙofar filin ya yi min bayani. Ya ce ko Dutse da birnin Sin ka rubuta mata za ta ba ka lissafi, har da minti. Ita babu ruwanta da ko ana zuwa."

"Ya yi maka dariya?"

"Ya ɗan yi."

"Allah Ya yi masa albarka. Shi kaɗai ya ci ribar tafiyar nan."

"Ya ce in dai dole sai ta sama, sai a nemi na Abuja, daga can a nemi na Yamai, wataƙila ma sai an ratsa wata ƙasar, sannan a zauna jiran ranar da na Damagaram zai tashi."

"Kwana nawa?"

"Uku, in an dace."

"Uku. Kakanka, Allah Ya jiƙan sa, da ƙafarsa, da shanu arba'in a gabansa, kwana shida yake yi daga Damagaram zuwa kasuwar nan, har da shayarwa da hira a rijiya. Jirginka da kwana uku kacal ya fi shi, kuma shi bai taɓa bi ta Abuja ba."

"Bara kin ce kwana takwas ne. Duk shekara sai kin rage masa. In Allah Ya ja da ranki, marigayin nan sai ya riga jirgi isa."

"Ko yanzu ya riga naka. Shi ai yana isa."

Abin da ya sa maganar ta fi ƙona mata rai kowa a Maigatari ya san shi. Tafiya Damagaram ranar Alhamis ake yin ta. Ranar kasuwa ce, motocin mutanen Nijar sun sauke dabbobi da kaya, da la'asar su juya gida, mutum ya zaɓi wadda ta yi masa. In Alhamis ta wuce ka kuwa, sai ka je tasha ka zauna kana korar ƙuda ana jiran mota ta cika, ta cika yau ko ta cika jibi, Allah masani. Jiya kuwa Ilu direba, mutumin Damagaram da ya daɗe yana kai mata saƙo wurin 'yarta, har ƙofar ɗakin nan ya zo ya durƙusa, ya ce ya ajiye mata gidan gaba.

"Ka san abin da na ce wa Ilu?"

"Me kika ce masa?"

"Na ce ya ba wata mai ƙaramin rabo, ni ta sama zan bi. Na ce in ya kai Dungas ya ji ƙara a kansa, ya ɗaga kai, ni ce."

Yazid ya toshe baki da hula. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Dariya kake?"

"Tari ne. Ƙaiƙayin riɗi."

"Ƙaiƙayin ya kai ka. Bawan Allah ya tafi yana sa min albarka, yana cewa in ya isa zai gaya wa mijin Ummulkhair su je filin jirgi su tarbe ni. Yanzu haka suna can sun ɗaga kai sama kamar masu duban wata."

"Ni fa lissafi na kawo miki, Dada. Gishirin ke kika zuba. Ban aike ki gida-gida ba."

"Ba ka aike ni ba? Wa ya tsaya nan, nan inda kake tsugune, ya ce kafin fura ta jiƙa mun sauka? Wa ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana? Ga karen bana ya dawo, ko wutsiyar zomon bai gani ba."

"Ai ko kare sai ya ga zomo yake bi. Wannan dawa ce babu zomo."

"To me ya kai ka haushi?"

Dada kuwa ba ta gama ba, don abin yana da rassa.

"Amarya matar maƙwabcinmu Bilya ta kawo min kwano guda na gyaɗa, guzurin jirgi. Ta ce in na hau in zauna ta taga, in duba mata ko zan hango karsanarsu da ta ɓata wajen Sule Tankarkar, mai farin goshi. Na ce to. Da bakina na ce to. Yau da wane idon zan dube ta?"

"Da wanda ke gani. Na hagun ai tun bara ya yi ritaya."

"Idon da ya yi ritaya ya fi naka biyu da ke karanta ƙarya. Ni ma dai da tawa wautar. Damagaram tana arewa, iyaka ga ta nan, in na yi tari a tsakar gida 'yan kwastan ɗin Nijar na jina. Kai kuma ka ce mu fara yin kudu, mu wuce Gumel, mu wuce Gagarawa, sa'a biyu da rabi a mota, sannan mu juyo ta sama mu dawo inda muka fito. Ko jakin gidan nan aka gaya wa haka sai ya toge."

"Amma ke ba ki toge ba."

"Miji na bi. Laifina ke nan, biyayya."

"Yau na ji sabon abu. Shekara ashirin da takwas muna zaman auren nan, ko ruwan alwala ba ki taɓa miƙo min ba."

"Kai ka taɓa miƙo min cefane? Kullum sai dai ka shigo ka buɗe min kwano. Sa'o'inka na da 'ya'ya uku-uku, kai ka zauna ka ajiye gemu kamar na bunsurun da aka ƙi taya shi a kasuwa."

"Ke kika kashe min kasuwa. Duk yarinyar da na je zance wurinta sai ta ce ta ji labarin uwargida, ba za ta iya ba."

"Ba ni suke gudu ba. Sun ji an ce da ka yi alkawari sai a nemi Ilu. Tsaya ma, tun Litinin ka karanto min abin nan. Me ya hana ka zuwa Dutsen sai jiya?"

"Lodi muke yi, lokacin riɗi ne. Kuma na ɗauka kamar tasha ce, ka je ka yanka ka shiga."

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ko yaron goye ya san shi. Mai auna zoɓo ya tashi zai auna sama."

Yazid ya mayar da hularsa, ya matso kaɗan, ya sassauta murya. Da ganin yadda ya shiga lallaɓa ta Dada ta san da sauran wani abin a bakinsa, kuma ba mai daɗi ba ne.

"Ki saurare ni, uwargida ran gida. Na yi tunani. Gobe da safe zan zo nan in zauna kusa da ke, in kira mijin Goggo Ummulkhair ta bidiyo. Za ki ga jaririn, za ki ji an raɗa suna, har ragon za a nuna miki. Kina kan tabarmarki, babu gargada, babu shingen jandarmomi. Alhamis mai zuwa kuma sai a ga abin da ya dace."

"Ta waya."

"Ta waya. Tar za ki gan su."

"Wayar nan dai? Wadda ta ce akwai jirgi?"

"Ai wannan daban—"

"Ita za ta nuna min jikana? Ta ɗauko ɗan wasu ta nuna min ta ce, da a ce naki ne, ga yadda zai kasance?"

"Haba Dada."

"Wayar za ta hura wuta ta dafa ruwa tun asuba? Za ta dama kunun kanwa? Za ta gasa wa yaro cibiya? Yarinyar nan haihuwar fari ce, ya kamata a ce a ɗakin nan ta yi wankanta, likitocin can suka hana ta motsi tun cikin yana wata biyar. Tana can tsakiyar dangin miji, mutanen kirki ne, ban ce ba, amma babu wadda za ta iya ce wa nan ke min ciwo ba ta ji kunya ba. Kai kuma ka ce in leƙa ta ta gilashi. Zuwa da kai ya fi saƙo, in ba a koya muku a makaranta ba yau na koya maka."

Ta jawo sandarta. Tashin ya ɗauke ta lokaci, don sai da ta dafa bango, ta tsaya rabi a sunkuye tana jiran bayan ya saki, kamar yadda yake mata tun damina. Da ta miƙe sai ta sunkuci ƙullin kanwa ta rataya, ta zura takalmi.

"Ina zuwa?"

"Tasha."

"Babu mota yau, Dada. Na biya ta can kafin in zo. Guda ɗaya ce, ta buhunan masara, kuma ko rabi ba ta yi ba."

"Sai in hau kan buhunan."

"Ba yau za ta tashi ba."

"Sai in hau acaɓa zuwa Dungas. Daga can in nemi ta Waca. In babu in taka. Ina budurwa da ƙwaryar nono a kaina na je Magarya na dawo, bai yi tsami ba."

"Wancan karon cewa kika yi man shanu ne."

"Matsa min daga hanya."

Bai matsa ba. Tashi ya yi ya tsaya a bakin ƙofar zaure, ya cika ta da faɗinsa, ya ware hannuwa.

"Miji ya hana fita."

"Mijin da bai san kuɗin gishiri ba ba shi da bakin hana fita. Na sake ka."

"Mace ba ta saki."

"Yau an fara. Saki uku, har da na jirgi. Matsa ko in sauke maka sandar nan a ƙwauri."

"Ki sauke. Ba za ki hau acaɓa ba."

"Kai wa? An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na bar gidan gaban Ilu saboda kai, yanzu kuma ka tsare min ƙofa. Uban me na yi maka, Yazidu? So kake yarinyar nan ta wayi gari gobe tana duban ƙofa, kowa ya shigo da uwarsa ita babu?"

Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe, abin ya ba ta haushi, ta buga sandar a ƙasa. Yazid ya sauke hannuwansa. Fuskar wasan ta tafi gaba ɗaya, sai ga yaron da ta sani yana tsaye da gemun aro.

"Likitan Gumel ne, Dada. Ranar da muka kai ki hoton baya. Ya ce wa Baba ƙashin ya zaizaye. Ya ce in aka cusa ki a motar kaya aka yi ta jijjiga ki sa'a biyar, za ki iya sauka ba da ƙafafunki ba. Baba ya ce kada a gaya miki. Da na ji Goggo ta haihu na san ba mai riƙe ki, sai na shiga waya ina neman hanyar da babu gargada. Da na ga lissafin nan ban ƙara duba komai ba. Ko motar Ilun ma ba na so ki shiga."

Dada ta sauke ƙullin kanwar a hankali, ta jingina da bango.

"Na sani," in ji ta.

"Kin sani?"

"Da Turanci ya yi maganar, amma da hannu ya nuna. Na shekara sittin ina duban fuskar saniya in san inda ke mata ciwo, fuskar ubanka ce za ta gagare ni? Tun a motar dawowa na ga yana kauce wa ramuka kamar ya ɗauko ƙwai." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kai ka ɗauka wauta ce kaɗai ta sa na yarda da jirginka? Tsoro nake ji, ɗan nan. Tun da aka ce ta haihu nake ƙirga ramukan hanyar nan a raina. Da ka zo ka ce minti arba'in da bakwai, hannu biyu na sa na kama. Ban tambaye ka komai ba don kada in tambaya a ce min a'a. Na bi gidaje na faɗa don in ji shi a bakin mutane ya zama gaskiya."

"To ki haƙura mana, tun da kin sani."

"Shekara goma sha ɗaya tana zuwa sunan wasu tana ɗaukar 'ya'yan wasu, ta dawo gida ta kira ni ta yi shiru a waya. Yau nata ya zo ta ce Dada ki zo. Ko a kwance za a sauke ni, a sauke ni a gidanta. Ƙafafun nan sun gama aikinsu. Hannuwan ne take bukata, su kuwa lafiyarsu lau."

Yazid ya zaro wayar daga aljihu, Dada ta ɗaga sanda.

"In lissafi za ka sake yi min, na rantse sai ta kwana a randa."

"Kira zan yi."

Ya fita zaure. Tana jiyo shi yana magana da wani Shehu, abokinsa da ke shiga Nijar da ƙaramar mota yana da takardun ƙetarawa. Ta ji ana ja, ta ji ya ce ga mashin ɗinsa nan ya riƙe har ya dawo, ta ji yana rantsuwa cewa ko ƙwarzane ba za a gani ba. Da ya dawo sai ya tsaya a kanta, ya sa hannu a ƙugu, muryar maigidan ta dawo.

"Shirya. Za a kwantar da kujerun baya a shimfiɗa miki katifa, da matasai ta kowane gefe. Ni zan ja. Duk rami sai na tsaya na gaishe shi kafin in shiga. Mu yi Juma'a a Dungas, in Allah Ya yarda kafin magariba muna Damagaram."

"Sa'a nawa ke nan?"

"Bakwai. Ko takwas. Ban sani ba."

"Yau ka faɗi gaskiya. Aikin fa? Ba ka ce lodi kuke yi ba?"

"Sikeli ba ya gudu. In sun kore ni na dawo nan na tare, ki ci gaba da ciyar da ni. Dama haka auren namu yake."

"Na ce na sake ka."

"Na mayar da kaina."

"Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ka dai kawo motar ta lungun baya. Ba na son Amarya ta ga an ɗora ni kan katifa kamar buhun gero."

"Ta babban layi zan shigo, ina ta danna hon, in ce jama'a a ba da hanya jirgi ya sauka."

"Allah Ya shirye ka, ja'iri. Miƙo min wancan ƙullin, mai jan zane."

Ya miƙo. Ta zauna kan turmi ta kwance shi da haƙori da yatsa, ta yaye wani tsumma, ta yaye wani, sai ga kwalba cike da soyayyen man shanu, an toshe bakin da leda an ɗaure da zare. Tun kafin a buɗe ƙamshin albasar da aka soya shi da ita ya cika wurin.

"Na Goggo ne?"

"Nata yana cikin bokiti. Wannan na direban jirgi ne."

"Na wa?"

"Direban jirgi. Ranar Laraba na soya masa. Haka ake shiga motar mutum hannu rabbana? Na ce in na ba shi sai ya ajiye ni gidan gaba, kusa da shi, kuma in an zo wajen gargada ya bi da ni a hankali."

Yazid ya zube a kan tabarma. Dariyar ta ci ƙarfinsa har hula ta faɗi, yana dukan ƙasa da tafin hannu, hawaye na bin gemun.

"Gargada, Dada? A sama?"

"Ka taɓa hawa?"

"A'a."

"To rufe min baki."

Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, fuskar ta ƙi ɗauruwa. Sai ita ma ta saki, tana dariya tana dafe da baya tana cewa wayyo zai kashe ta kafin a kai iyaka. Da ta lafa ta miƙa masa kwalbar.

"Ungo. Tun da kai ne direban. Ka bi min a hankali, maigida, ina so in shiga gidan yarinyar nan da ƙafata."

Ya daina dariya. Ya gyara ya durƙusa sosai, ya karɓa da hannu biyu. Ita kuma ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, ta ce ya fara fitar da katifar kafin rana ta yi.